Neman shawara: aikin lauya a fannin dokokin noma da bashin manoma a Amurka

Tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina shekarar ƙarshe ta karatun lauya a wata jami'a da ke jihar Ayowa, kuma burina shi ne in yi aiki a kan dokokin gwamnatin tarayya da suka shafi noma da bashin manoma. Takardar zama ta dindindin nake da ita, ban zama ɗan ƙasa ba tukuna. Ta wace ƙofa ya kamata in shiga?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam ƙanena. Yawancin ayyukan gwamnatin tarayya sai ɗan ƙasa ake ɗauka, don haka ofishin lauyoyin Ma'aikatar Gona da Hukumar Kula da Bashin Manoma, wadda aka kafa a 1933, su jira tukuna. Amma cibiyoyin ba da bashin da hukumar ke sa wa ido, waɗanda tushensu dokar 1916 ce, mallakar manoman da ke cin bashin ne, kuma suna ɗaukar lauyoyinsu da kansu. Can za ka fara nema.

Amsa ta biyu:
Na goyi bayan yayanmu, sai dai ina so ka fara da wakiltar manoman kansu. A shekarun 1980 kuɗin ruwa ya yi tashin gwauron zabi, darajar gonaki ta faɗi, iyalai da dama suka rasa gonakin da suka gada. Wannan ne ya sa majalisa ta samar da Babi na 12 na dokar karyewar arziki a 1986 domin iyalai manoma, sannan dokar bashin noma ta 1987 ta ba manomin da waɗancan cibiyoyin ke bi bashi damar neman a sake tsara masa biya kafin a ƙwace jinginarsa. Ba za ka gane nauyin waɗannan dokoki ba sai ka zauna da manomi a gidansa, ya baje maka takardu a kan tebur, ka ga an lissafa tarakta da shanu da masarar da ba ta ma nuna ba a cikin kayan jingina, matarsa na gefe tana tambaya ko gidan ma yana ciki. A ganina, lauyan da ya taɓa zama irin wannan shi ya fi cancanta ya rubuta wa manoma ƙa'ida.

Amsa ta uku:
Ɗan'uwa, kada ka manta da kwamitocin noma na majalisun biyu, ta dattawa da ta wakilai, domin a nan ake tsara babbar dokar noma, wadda aka saba sabuntawa kusan duk shekara biyar. Ka karanta sashen bashi na babbar dokar noma ta 2018 da kyau. In kana son ƙarin karatu, Jami'ar Akansas tana da digiri na biyu a dokokin noma da abinci. Allah Ya ba da sa'a.