'Yan daudu a ƙauyukanmu: wa ya taɓa zama da su?

Daga wajen Bichi: Salamu alaikum jama'a. Ba fatawa nake nema ba don Allah, wannan aikin malamai ne, abin da ido ya gani kawai za mu faɗa. Ni nawa ƙanin babana ne, tun yana yaro cikin mata yake, an dake shi har an gaji, aka tura shi gabas karatun allo ya dawo yadda ya tafi. Yanzu tuwo yake sayarwa a tasha, kuma wallahi geron da muke ci da damina shi ke aikowa, amma in ana biki a gidan sai a ce Baba Ƙarami ya bari sai bayan isha'i ya shigo.

Ringim: Namu mai waina ne, yana da mata da 'ya'ya. In ƙawayensa suka zo sai ka ji "ke 'yar nan" ana tafawa ana shewa, ga habaici kamar kishiyoyi, amma da an kira sallah zai kwance zanin ya sa hula ya shiga sahu. Masu zaginsa su ne ke layi da kwano da safe.

Wudil: Ai abin ya canja tun da aka ƙaddamar da shari'a a 2000. Da can ranar Juma'a in kasuwa ta ci, rumfarsu ce ke cika, suna soya kaji da kallabi a ka ba wanda ya damu. Sai ga dokar da shugaban ƙasa Jonathan ya sa wa hannu a 2014, ɗaurin shekara 14 a kan auren jinsi, daga nan mutane suka yi musu kuɗin goro, har wanda girki kawai ya sani. Wanda na sani an aske masa kai a bainar jama'a, ya bar garin bai dawo ba.

Kazaure: Ni fa gaskiya ban yarda da daudu ba, hadisin mai kwaikwayon mata sananne ne. Amma sa yara su bi mutum da jifa suna masa waƙa, wannan a wane littafi yake?

Unguwarzoma, Gumel: 'Ya'yana ku daina haɗa su da mata-maza, wannan halitta ce, littattafan fiƙihu ma sun yi maganar rabon gadonsu. Na taɓa karɓar haihuwar irinsa, uwar ta kama hannuna tana kuka kar na faɗa wa ko uwar miji. Na ce su tafi asibiti Kano, uban ya ce a raɗa sunan mace kawai a rufa asiri.