Me ya haɗa kwakwa da mangwaro a rukuni ɗaya?

Zainab A.:
Assalamu alaikum. Ina shirin jarrabawar ilimin tsirrai, kuma babin rabe-raben 'ya'yan itace ya tsaya mini a wuya. Littafinmu ya sa ayaba da tumatir da inabi a rukuni ɗaya, ya haɗa mangwaro da kwakwa a wani, har ya ce ƙwayar masara ma ɗan itace ce. Na yi ta haddar jerin amma ba ta zama, domin ban gane ma'aunin da aka bi ba. Don Allah da me ake rabawa?

Malam Habu:
Wa alaikumus salam, Zainab. Ki ajiye zancen zaƙi da tsami, masana tsirrai ba da ɗanɗano suke rabawa ba. Fure suke dubawa. A gindin fure akwai mahaifa. Idan an yi barbara, ƙwayayen cikinta su zama iri, bangonta kuma ya girma ya zama ɗan itace. Bangon nan hawa uku ne: ɓawo, tsoka, da na ciki wanda ya kewaye irin.

Ki ɗauki wuƙa ki yanka mangwaro. Ƙwallon da wuƙar ta ci karo da shi ba iri ba ne, hawa na ukun nan ne ya taurare. Fasa shi, za ki tarar da irin kwance a ciki. Kwakwa ma haka aka gina ta: ɓawo mai santsi a waje, sai zaren da ya tsaya a madadin tsoka, sai ƙoƙo mai tauri a madadin ƙwallo. Farin naman da ruwan duk cikin iri suke, abincin tsiro ne. Zaitun ma ɗan wannan gidan ne, masu ƙwallo.

Idan kuwa babu hawan da ya taurare, shi ake kira beri: tumatir, inabi, barkono, gwanda. Ɗigo-ɗigon baƙi da kike gani a tsakiyar ayaba iri ne da bai ƙosa ba, shi ya sa ta shigo nan. Lemo da kankana su ma beri ne, an dai ware musu reshe. Shi lemo ɓawonsa mai mai ne, cikinsa ɓare-ɓare. Kankana da kabewa da kokwamba kuwa ɓawo mai kauri gare su.

Busassun su ma a bango za ki gane su. Kwanson wake yana tsagewa gida biyu ya zubar da iri, auduga tana fashewa ta wurare da yawa. Masara da alkama ba sa buɗewa sam, bangon ya manne da irin, sai a dusa ake rabuwa da shi.

Usman K.:
Allah ya ƙara basira, Malam. Ni abin da ya fi burge ni shi ne tambayar fure nawa ne suka haifi abin. Duk waɗanda Malam ya lissafa daga mahaifa ɗaya suka fito. Amma 'yar'uwa, ki ƙura wa abarba ido: kowane ido a ɓawonta fure ne mai zaman kansa, duk suka girma suka haɗe a jikin kara guda, wato tauri-taurin da ke tsakiyarta. Ɓaure ya fi ban mamaki. Furanninsa a cikin tulun nan suke ɓoye, wani ɗan mitsitsin zanzaro ne ke shiga ta ƙofar ƙasa ya yi barbara. Akwai kuma fure ɗaya mai mahaifa da yawa, kamar rasberi, wani ɗan itace na ƙasashen sanyi, wanda kowane ɗan ƙulli a jikinsa ƙaramin mai ƙwallo ne.

Sai waɗanda naman da ake ci ba daga mahaifa ya fito ba. A tuffa, tsakiyar da ake jefarwa ita ce ainihin ɗan itacen. A yazawa, ƙwallon da ke rataye a ƙasa shi ne ɗa, ja ko rawayan nan mai ruwa kuwa mariƙin fure ne ya kumbura.

Hajiya Rabi:
Sai dai ki sani, 'yata, wannan rabon na aji ne, mai girki da mai haraji nasu daban. A 1893 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa a wajen kuɗin fito tumatir kayan lambu ne, duk da ta yarda a ilimin tsirrai ɗan itace ne. A takardar jarrabawa ki bi fure.

Zainab A.:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. To dabino fa, Malam? Mai ƙwallo ne ke nan?

Malam Habu:
Nan ɗalibai da yawa ke zamewa. Ki buɗe dabino ki duba, akwai wata siririyar fata fara tsakanin tsoka da ƙwallo. Ita ce hawa na uku, kuma ba ta taurare ba. Ƙwallon shi kansa irin ne, ko kin fasa ba za ki sami wani a ciki ba. Don haka littattafai da dama ke sa dabino cikin beri mai iri ɗaya, tare da fiya, wato avocado. Wasu kuma suna barinsa a masu ƙwallo, saboda haka ki duba inda naki littafin ya ajiye shi kafin ranar jarrabawa.