Neman shawara: maigida ya dage sai mun yi kwanan tanti a Berwick, kuma da Hajiya za a tafi

Maman Uku, Leeds:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah waɗanda suka san arewacin ƙasar nan su ba ni shawara. Maigida ya ƙwallafa rai sai mun je kwanan tanti a makon farko na Agusta, tunda yara suna hutu. Wani Bature abokin aikinsa ne ya zuga shi da Berwick, garin nan na bakin teku da ke dab da iyakar Scotland. Har ya sayo tanti na hannu, yana nan jingine a bayan ƙofa, ko kwance shi ba a yi ba. Yaranmu uku: babbar shekara 9, na tsakiya 6, auta bai cika biyu ba. Ga kuma surukata, Hajiya, ta zo mana daga Kano, tana fama da ciwon gwiwa, kuma ko a Yuli da rigar sanyi take kwana. Shi cewa yake ba sai mun biya kuɗin fili ba, duk inda ya yi mana a bakin ruwa sai mu kafa, wai haka ake yi a can. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Rabona da kwana a waje tun ina yarinya, muna shimfiɗa tabarma a tsakar gida lokacin bazara. Haka dokar take? Ina za a kai yara da rana? Abinci da salla fa?

Ɗan Newcastle:
Wa alaikumus salam. Maman Uku, ki ce wa Oga rabin labari ya ji. A Scotland ne doka ta ba mutum damar kafa tanti a daji, tun dokar filaye ta 2003, kuma ko can ɗin ana nufin mai ɗan ƙaramin tanti da ya goya a baya, ya kwana biyu ko uku ya tashi bai bar ko tsinke ba. Ba mai mota cike da tukwane da yara ba. Berwick kuwa a Ingila take, duk da tsakaninta da iyaka bai kai mil uku ba, kuma a Ingila sai da izinin mai fili. Ruɗanin ba laifinsa ba ne, garin ya sha canza hannu tsakanin ƙasashen biyu fiye da sau goma kafin ya tsaya wa Ingila a 1482, har gobe ƙungiyar ƙwallonsu da 'yan Scotland take bugawa. Ku kama wuri a filin tanti na kuɗi tun yanzu, Agusta cika suke yi. Ku nemi wanda aka ja masa wuta, kusa da banɗaki amma ba manne da shi ba. Sannan "Berik" ake faɗa, kar ki je kina "Barwik" mai sayar da tikiti ya tsaya kallonki kamar yadda aka yi mini.

Anti daga Sunderland:
Ƙanwata, bar batun tanti tukuna, ga abin da nake so ki riƙe. Duk wanda ya je Berwick sai an ce masa ya leƙa Holy Island, wato Lindisfarne, kamar mil goma kudu da garin. Tsibiri ne, amma da mota ake shiga, ta wata kwalta da aka shimfiɗa a kan yashi. Sau biyu a kowace rana teku yana cikowa ya shanye hanyar gaba ɗaya. Hukumar gundumar Northumberland tana fitar da lokutan da za a iya tsallakawa, suna intanet, an kuma kafa allo a bakin hanyar. Lokacin ba ɗaya ba ne kullum, yana matsawa da kusan awa guda daga yau zuwa gobe, don haka na jiya ba zai yi miki aiki yau ba.

Mu abin da ya same mu shekaru uku da suka wuce: mun shiga da hantsi, yara suka ɓata lokaci wajen tsintar kwanson kifi a gindin ganuwar fadar da ke kan dutse, ni kuma na tsaya sallar Azahar a bayan mota. Da muka fito lokacin ya gota da minti ashirin. Mijina ya leƙa ya ce ai kwalta a bushe take, mu taka. To daga nesa a bushe take. Ruwan nan ba ya zuwa da igiya ko ƙara, rarrafowa yake ta gefe da gefe kamar an ɓare tulu a tsakar ɗaki. Muna isa wajen gadar tsakiya na ji yana fallatsa a ƙasan mota, ga wani ɗan ɗaki na katako a kan dogayen ƙafafu wanda aka gina don waɗanda ruwa ya ritsa da su su hau su jira ceto. Babu addu'ar da ban karanto ba. Allah Ya fitar da mu, amma ban yi masa magana ba har muka iso gida. Kusan kowace shekara sai ruwa ya ci motocin masu taurin kai a wurin. Idan lokaci ya wuce, ku koma cikin ƙauyen ku sha shayi, awa biyar ko shida ne ruwan ya janye. In kuma tsautsayi ya faɗa, 999 za ki kira ki ce a haɗa ki da masu tsaron gaɓar teku. Ba a kafa tanti a tsibirin, kar ma Oga ya sa rai. Wani abu kuma: akwai abin sha na zuma da tsibirin ya yi suna da shi, suna ba da ɗanɗano kyauta. Giya ce.

Kawu na Bradford:
Ikon Allah. Mun baro ƙauye mun zo inda ake da ɗumama ɗaki, yanzu kuma za a biya kuɗi a kwana a ƙasa cikin leda. Ita Hajiya laifin me ta yi muku?

Ɗan Newcastle:
Kawu, wasa kake amma ka taɓo gaskiya. Daren Agusta a gaɓar can yakan sauko wajen digiri 10 zuwa 12, ga iska daga Tekun Arewa, sanyin kuma ta ƙasa yake shiga ƙashi. Yawancin filayen suna da ƙananan ɗakunan katako ko gidan tirela na haya. A kama wa Hajiya da auta ɗaya, masu jini a jika su kwana a tanti.

Maman Biyu, Edinburgh:
Ni ban yarda a raba Hajiya da jikokinta ba, ai don su ta zo. Ku kama tirela babba kowa ya shiga, tantin a kafa shi a gefe in masu filin sun yarda, wanda ya ga zai iya bismillah. Ina tabbatar miki kafin ƙarfe biyun dare Oga zai ƙwanƙwasa ƙofa.

Batun yawo, garin kansa ya ishe ku yini guda kuma kyauta. Ganuwarsa tun zamanin Sarauniya Elizabeth ta ɗaya, an fara ta a 1558, ana zagaye gari a kanta cikin awa guda. Hajiya 'yar Kano ce, za ta so ta ga badalar da ba a bari ta zube ba. Amma ki riƙe hannun na tsakiyan nan gam, saman ciyawa ce kuma wurare da yawa ba shinge, faɗowar ba ta wasa ba ce. Daga can za ku hango gadar jirgin ƙasa mai baka 28 da Robert Stephenson ya gina aka buɗe a 1850, yara suna son ƙirga su in jirgi ya zo wucewa. Kasuwa Laraba da Asabar take ci a titin Marygate. Wasan yashi kuma ku tsallaka kogin Tweed zuwa Spittal. Ruwan ƙanƙara ne, iyakarku gwiwa.

In da sauran kuɗi, Bamburgh da fadarta, sai Seahouses inda ake hawa jirgin ruwa zuwa tsibiran Farne. Sai dai tsuntsun nan mai jan baki da ake tallar wurin da shi, puffin, yana fara barin tsibiran daga ƙarshen Yuli, kar ki yi wa yara alkawarinsa.

Malama, Manchester:
Abinci: ki yi guzurinki daga Leeds. Ki soya nama, ki yi miyar dage-dage ki daskarar da ita, ita ce za ta zama ƙanƙarar kular ranar farko. Dambun nama da garin kwaki ba sa cin amana. Kifi da dankalin bakin teku akwai daɗi, amma ki tambayi abu biyu kafin ki saya: da wane mai suka soya, don wasu da kitsen saniya suke yi, sannan ko akwai giya a ƙullun da suke tsoma kifin. Ba sa jin haushin tambayar.

Wanda ya fi komai: kada a shigar da kurfoti ko abin gashi cikin tanti don jin ɗumi, ko da wutar ta mutu. Gawayi yana ci gaba da fitar da iskar da ba ta da wari, mutum yana barci ya wuce. An sha rasa rayuka a haka a ƙasar nan. Na san halinmu da kasko in sanyi ya matsa, musamman tsofaffi, ki gaya wa Hajiya tun a gida.

Salla kuma tafiyarku ta kai ta kasaru, wajen awa uku ce a mota. Alƙibla kudu maso gabas. Ki tafi da buta biyu da fulas na ruwan zafi, don alwalar Asuba da ruwan famfon fili sai mai ƙarfin imani. Rana ba ta faɗuwa sai wajen tara na dare, yara ba za su yarda dare ya yi ba.

Maman Uku, Leeds:
Allah Ya saka da alheri, na karanta wa maigida duka. Da ya ji labarin Anti shiru ya yi. Mun kama tirela kwana biyu, Talata da Laraba don mu samu kasuwa. Jiya muka gwada kafa tantin a bayan gida, ashe sanda ɗaya babu, kuma yana warin kare. Hajiya ta zagaya shi sau ɗaya da carbinta ta ce ita a Mina ma da fanka ta kwana. Wa ya san inda ake sayar da sandar tanti ita kaɗai?