Ciwon baya ya hana ni sakat, cikina sati 9

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku taimaka min, hankalina a tashe yake. Cikina sati 9, ciwon baya ya sako ni a gaba, can ƙasa wajen ƙugu. Ni malamar makaranta ce, tun safe ina tsaye gaban allo, in na dawo ga yarona ɗan shekara biyu da ba ya yarda da kowa sai ni, ga shi da nauyi masha Allah. Ban gaya wa kowa a wajen aiki ina da ciki ba, shi ya sa da aka ƙara min ajin wata malama da ta tafi hutu na kasa cewa a'a, kuma shugabarmu in ka nemi uzuri sau ɗaya sai ta riƙe ka da shi har ƙarshen zango. Da daddare juyi ma gagara ta yake. A cikina na fari sai wajen wata bakwai na ji irin wannan. Akwai abin da zan sha?

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam 'yata. Na haifa, na ga jikoki, wannan ba komai ba ne. Ki ajiye aikin nan, ki daina ɗaukar yaron, ki kwanta ki huta har cikin ya yi ƙwari. Hutu ne kaɗai maganinsa.

Maman 'yan biyu: Hajiya wa zai bar ta ta kwanta? Ni da nawa cikin ina sunkuye ina wanki, maigidan yana zaune da waya a hannu, ko bokiti bai taɓa ɗaga min ba, har yau abin yana ci min rai. 'Yar uwa ki nemi diklofenak a kemis, shi ya taimake ni.

Sista ungozoma: Don Allah kar ki sha diklofenak ko ibufurofen sai da izinin likita. A 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansu daga sati 20, don suna iya taɓa ƙodar jariri su rage ruwan mahaifa, kuma a farkon ciki ma gudun su ake yi. Farasitamol aka fi amincewa da shi, kaɗan, na ɗan lokaci. Ciwon kansa yawanci daga sinadaran ciki ne irin su rilaksin, suna sassauta jijiyoyin da ke riƙe ƙugu tun ciki bai fito ba, ga tsayuwa, ga ɗaukar yaro. Ki kwanta a gefe da filo tsakanin gwiwoyi, takalmi maras tsini, in za ki ɗauki yaron ki durƙusa da gwiwa bayanki a miƙe, ki riƙa gasa wurin da tawul mai ɗumi, ba mai zafi ba. Hajiya ki yi haƙuri, yawan kwanciya sandarar da baya yake yi. Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 na motsa jiki a sati ta ba masu ciki shawara, tafiya a hankali ta isa. Amma kin fara awo? Akwai jini, zazzaɓi, ko zafin fitsari?

Mai tambaya: Na gode Sista. Aiki kam ba zan iya ajiyewa ba, jarrabawa ta matso. Awo ban fara ba, jira nake ya wuce wata uku. Bara na yi ɓari, kuma ranar da na je hoton ciki a ranar aka gaya min. Ba zan iya sake kwanciya kan gadon nan yanzu ba. Jini ɗan ɗigo ne kawai a makon jiya, kuma ya tsaya.

Hajiya Babba: Kin ji ko? Tsayuwar nan ce. Da kin kwanta tun farko da ba ki ga ɗigon ba. Yaran yanzu ba kwa jin magana, surukata ma haka muka yi ta fama da ita.

Sista ungozoma: Allah ya ba ki ladan wancan, na fahimci tsoronki wallahi. Amma ɗigon jini da ciwon baya a sati 9 ba abin jira ba ne. Dole a ga inda cikin ya zauna, don wani kan zauna a waje ba a cikin mahaifa ba, a kuma gwada fitsari. Ba hoton ne ya jawo ɓarin ba. In ciwon ya koma gefe ɗaya na mara, ko kika ji jiri ko ciwo a kan kafaɗa, asibiti kai tsaye, ko da tsakar dare.

Mai tambaya: Ba gefe ɗaya ba ne Sista, tsakiya ne. Na san jikina, wannan daban yake da na bara. Zan gwada filon tukuna. Bel ɗin ciki fa, zai yi amfani yanzu?

Hajiya Babba: Ba wani bel. Ki kwanta na ce.

Sista ungozoma: Bel sai ciki ya girma. Ki nemi wanda zai raka ki gobe, ina roƙon ki.

Amarya: Ni ma sati 7 nake, nawa har cinya yake sauka, shi ma duk ɗaya ne?