Laimar akwatin mesa mai dunƙulewa: abin da muka gwada a hunturu da damina

Mai buɗe zance, daga Kano

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kiwon ƙaramar mesar nan da ke dunƙulewa kamar ƙwallo in ta tsorata. Hunturu ya kankama, kuma yanzu ne saɓa ke fitowa guntu-guntu maimakon ta fita gaba ɗaya kamar an tuɓe safa. Da rana laimar iska a nan kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, alhali mesar tana son 60 zuwa 70, lokacin saɓa ma har 80. Kowa ya kawo abin da ya gwada da hannunsa, ya faɗi adadi, ya kuma faɗi inda abin ke kwaɓewa.

Daga Zariya

Wa alaikumus salam Malam. Kafin a ƙara ko ɗigon ruwa, a fara gwada ma'aunin laima. Mai allura da ake mannawa jikin gilashi yawanci ƙarya yake yi, kuma in ya ɓanɓaro, gam ɗinsa na kama fatar mesa. A nemi mai nuna lamba, irin wanda masu injin ƙyanƙyasar ƙwai ke saye, mai waya da ɗan kai a ƙarshenta.

Gwajin ba wuya. A cika murfin kwalba da gishirin miya, a ɗiga ruwa har ya jiƙe kamar damshin yashi, kada ya narke. A sa shi tare da ma'aunin cikin roba mai murfi, a rufe ruf, a bar su kwana guda. Ya kamata ya nuna 75. In ya nuna 68, ka san kullum sai ka ƙara 7 kan abin da ya gaya maka. Rubuta hakan a jikinsa. Sannan wurin ajiye kan wayar: kamar yatsa biyu sama da shimfiɗa, a ɓangaren sanyi. In ka rataye shi sama kusa da fitilar ɗumama akwati zai nuna bushewa, ka yi ta kwarara ruwa a banza.

Daga Tamale

Gaskiya ne Malam na Zariya. Ni zan taɓo wani kuskure da ya zama ruwan dare a wajenmu. Mutane kan ce ai mesar nan 'yar gida ce, daga Senegal har Sudan akwai ta, kuma yawancin waɗanda ake kiwo a Turai da Amurka asalinsu daga Gana da Togo da Benin aka fitar, to iskar ɗakinmu ta ishe ta. Ba haka ba ne. A daji ba ta kwana a fili ta sha hunturu. Ramin ɓera take shiga, ko tsohon suri, ta lafe a can inda ƙasa ke riƙe da sanyi da laima ko da ciyawar sama ta bushe ƙamas. Abin da za ka kwaikwaya a akwati ke nan, wato ramin.

Don haka shimfiɗa ita ce kan gaba. A sami garin ɓawon kwakwa, wanda masu renon shuke-shuke ke sayarwa a matse kamar bulo, a jiƙa shi ya kumbura. A gauraya kashi 2 nasa da kashi 1 na ƙasar da ba ta taɓa ganin taki ko maganin feshi ba. Kaurin ya kai santimita 8 zuwa 10. Ga yadda ake gane daidai: ka damƙi cikin hannu ka matse, ya dunƙule amma ruwa kada ya ɗiga. In ya ɗiga, a baza shi ya sha iska tukuna.

Ruwa kuma ba a sama ake yayyafa shi ba. A kusurwoyi huɗu ake tsiyaya shi ya gangara ƙasa, kamar rabin lita ga akwati mai tsawon santimita 120, sai a jira kwana ɗaya a ga abin da ma'auni ya ce. Ƙasan ya jiƙe, saman da take kwanciya ya zama a bushe. A hunturu za ka maimaita duk kwana 3 ko 4.

Dusar katako ta wurin kafintoci a bar ta. Ba ka san icen da aka yanka ba, wasu na da mai da ke cutar da numfashinta, kuma tana yin funfuna da ta jiƙe.

Daga Jos

Mu nan sanyi ke haɗa mana aiki biyu. Dole a kunna abin ɗumama akwati, ɓangaren zafi ya tsaya 31 zuwa 32 a ma'aunin Salshiyas, na sanyi 25 zuwa 27, dare kuma kada ya sauka ƙasa da 24. To duk iskar da ka ɗumama, laimarta faɗuwa take yi. Ga fitila a sama, ga murfin raga, ai ka gina bututun hayaƙi ne: iska mai ɗumi ta kwashi laimar ta fice.

Maganin shi ne a rufe kashi uku cikin huɗu na ragar da falle na roba mai kauri ko gilashi, a bar tazarar santimita 5 kewaye da fitilar don gudun gobara. Wasu na shimfiɗa jiƙaƙƙen tawul a kai; awa biyu ya bushe, kuma kusa da fitila haɗari ne. Babbar roba mai murfi ta fi akwatin gilashi riƙe laima nesa ba kusa ba. A huda ta a gefe da ƙusa mai zafi, ramuka kamar 10 kowane ɓangare, a ƙara in gumi ya fara taruwa. Hudawa ba wuya, toshewa ce aiki, don haka a fara da kaɗan. Kuma a sa maƙalli a murfin, wannan baiwar Allah gwanar tura murfi ce.

Daga Maraɗi

Ranka ya daɗe, ni feshin ruwa safe da yamma nake ganin ya fi sauƙi. Mene ne aibinsa?

Daga Kaduna

Ɗan uwa, zauna da ma'auninka bayan feshin ka gani. Zai haura 90, kafin awa ɗaya ya komo inda ya fito. Abin da ya rage shi ne jiƙaƙƙen sama, kuma a kansa take jan ciki. Daga nan ruɓewar ɓawon ciki ke farawa: gefen ɓawon ya yi ja-ja ko ruwan ƙasa, wani lokaci da ƙananan bororo. A riƙa ɗaga ta ana duba cikin duk mako. In an ga haka, a kwashe shimfiɗar, a sa farar takarda busasshiya ana canzawa kullum, in bai ja baya ba a kai ta wurin likitan dabbobi.

Kada kuma a manta damina na zuwa da nata. A watan Agusta iskar ɗaki da kanta kan wuce 80, sai dabarar hunturu ta koma cuta. A buɗe ragar da aka rufe, a daina zuba ruwa a kusurwa. Lamba 80 ba ta kashe mesa. Iskar da ba ta motsi ce matsala. Alamunta: gumi a jikin gilashi har rana ta take, farar funfuna ƙarƙashin maɓoya, da warin rima. Wanda ke da na'urar sanyaya ɗaki kuwa, shi hunturunsa ba ya ƙarewa, domin na'urar tsotse laima take yi.

Daga Maraɗi

Na karɓa, Yaya. To ga nawa da na tabbatar. Kaskon ƙasa wanda ba a shafe shi da komai ba, a fasa masa ƙofa a gefe, a goge bakin da dutse har kaifin ya mutu, a jiƙa shi minti 30 a kife. Yadda randa ke tsatsafo da ruwa, haka yake sakin laima a hankali ta ciki. Ya zama matsattse, jikinta na taɓa bango, don ba ta son maɓoya mai faɗi. A ajiye biyu, ɗaya a zafi ɗaya a sanyi, kada ta zaɓi laima ta rasa ɗumi. Da bazara dai a kashe abin ɗumamawa, a sauke akwatin ƙasa a ɗaki mafi sanyi, don zafin da ya wuce 35 na iya halaka ta, kuma yawan laima ƙara masa muni yake yi.

Daga Zariya

Saura batun saɓar kanta. Da farko launi ya dushe, ciki ya yi ja-ja mai haske, wanda sabon shiga kan ɗauka ruɓewa ce. Sai idanu su yi hazo shuɗi-shuɗi na 'yan kwanaki, su washe, bayan wasu kwanakin ta tuɓe. Gaba ɗaya kamar kwana 10 zuwa 14. Tun ranar da launi ya dushe ake ɗaga laima. Wanda ya jira idanu su washe ya makara. A bar kwanon ruwa mai nauyi wanda za ta iya shiga, da wani abu mai kaushi da za ta goga hanci.

In ta tuɓe, a warware saɓar a duba abu biyu: murafun idanu biyu, da ƙarshen wutsiya. Fatar da ta maƙale a wutsiya kan bushe ta shaƙe ta kamar zobe har bakin ya mutu. In akwai saura, a sa ta cikin roba mai huda da tawul da aka jiƙa da ruwa mai ɗumi 28 zuwa 30, a rufe minti 20 zuwa 30 ana kallo. Tana kutsawa cikin tawul ɗin fatar za ta bi shi. Murfin ido kuwa kada a sa masa farce ko hantsaki, ko kusa. Sau da yawa abin da ake zaton ya maƙale lotsawar ido ce saboda ƙarancin ruwa a jiki, in ka ja ka makantar da ita. A gyara laima a jira saɓa ta gaba.

Amma in ana jin shessheƙa, ko kumfa a baki da hanci, ko tana ɗaga kai baki buɗe, wannan ya wuce gyaran akwati. Likita kawai. A wanke hannu da sabulu bayan an taɓa ta ko shimfiɗarta.

Mai buɗe zance, daga Kano

Allah ya saka da alheri. Ƙari ɗaya ga masu rufe raga: maganin sauro, na feshi ko na hayaƙi, guba ne ga maciji, kuma akwatin da aka toshe ya fi riƙe shi. A fitar da ita daga ɗakin kafin a fesa. Malam na Tamale, ƙasar da ake gaurayawa, kana gasa ta ne don kashe ƙwari, ko shanya a rana ta isa?