Jirgin ruwan yawon buɗe ido: a biya da wuri ko a jira ragi?

Shawarar ita ce mai fasfon Najeriya ya kama ɗaki da wuri, wata 6 zuwa shekara kafin tashi.

Gaskiya ne kamfanoni kan karya farashi idan tafiya ta matso ɗakuna ba su cika ba. Amma wannan garaɓasar ta mazauna kusa da tashar jirgin ce. Kai kuwa, in jirgin daga Basalona ta ƙasar Sifaniya zai tashi, sai ka nemi bizar Shengen ta shiga yawancin ƙasashen Turai, kuma samun ranar ganawar neman bizar kaɗai kan ci makonni. Ga tikitin jirgin sama daga Abuja ko Kano da ke tsada a ƙurarren lokaci. Abin da aka rage maka a ruwa, a sama za ka biya shi. Ɗakunan iyali kuwa tuni an kwashe.

Dabarar ita ce a ba da kafin alƙalami irin wanda ake mayarwa, sannan a riƙa duba farashi duk mako. In ya faɗi kafin ranar cika kuɗi, galibi wata 2 zuwa 3 kafin tashi, a sa wakili ya nemi sabon farashin. Ba kowane irin tikiti ke ba da wannan damar ba, don haka a karanta sharuɗɗa. Bayan an cika kuɗi, ko farashi ya faɗi, da wuya a mayar da ko sisi na bambancin.

A tambaya ko harajin tashoshi da ladan ma'aikata na cikin jimillar. Da dala ko yuro ake lissafi, faɗuwar naira kaɗai na iya cinye ragin da ake jira.