Neman shawara kan ɗinka kayan matan Erzya da Moksha

Maman Hanan: Salamu alaikum. Ana son a ɗinka tufafin gargajiya na matan Mordobiya ta ƙasar Rasha don baje kolin al'adu. Masu sani, ta ina ake farawa?

Malam Tela: Wa alaikumus salam. Hajiya, fara tsayar da ɗaya tukuna, Erzya ko Moksha, wato ƙabilu biyu na Mordobiya, domin kowa da yankansa. Rigar ciki duk suna ce mata panar, farar lilin ce doguwa. Ta Erzya falle biyu ce, a ninke kowanne a kafaɗa, ɗinki ya bi tsakiyar gaba da tsakiyar baya. Ta Moksha falle ɗaya ne a tsakiya, ya rufe gaba da baya, sai a ƙara falle biyu a gefe. Masaƙarsu ba ta da faɗi, don haka ki yanka yadin kanti falle-falle, kamar santimita 35 zuwa 40. In kin yanka riga guda daga yadi mai faɗi, surfanin da ke bin layin ɗinki ba zai sami wurin zama ba.

Anti Surfani: Ƙari kan maganar Malam, a jiƙa yadin ya bushe kafin almakashi ya taɓa shi, lilin yana tsukewa. Zaren ulu ma a gwada shi a ruwan ɗumi, ja ya fi kowanne zuba, kuma in ya zuba a farar riga an gama. Ba a zana fure da fensir. Ƙirga silin yadin ake yi, shi ya sa adon yake fitowa da kusurwa-kusurwa. Sai ki nemi yadin da silinsa ke gani, tsaye da kwance kaurinsu ɗaya, in ba haka ba zanen ya karkace. Na Erzya cunkushe yake, mai tudu, ja mai duhu da baƙi, a bakin riga da hannu da layuka daga kafaɗa zuwa ƙasa. Kar a ja zare da ƙarfi, yadin zai tattare.

Maman Hanan: Na gode. Wancan abin mai geza da ake ɗaurawa a ƙugu ta baya fa?

Yaya Dije: Pulai ke nan, kuma na Erzya ne kaɗai, kar ki sa wa 'yar Moksha. Samansa ƙyalle ne mai tauri, an jera masa duwatsun ado da maɓallai da sulalla da wuri, irin wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi. Ƙasansa doguwar geza ce ta baƙin ulu, tana sauka kusan gwiwa. Na biki yakan kai kilo 6. Ki ninka ƙyallen ya yi kauri sosai, ki ɗinke kowane wuri da zare biyu, domin nauyin ne ke yaga gefen da igiya take.

Malam Tela: Ita 'yar Moksha takan zaro rigar ta saman ɗamara ta yi jaka, tsawonta ya tsaya wajen gwiwa, da wando a ciki, sannan ta rataya ƙyallaye masu ado a ɗamarar. Sai ki bar ƙarin tsawo wajen yanka. Maƙalin tagulla na wuyan riga, sulgamo, shi ma ya bambanta: na Erzya mai zagaye ne, na Moksha ƙasansa ya fi faɗi.

Anti Surfani: A kula da kai kuma. Pango, doguwar hular da ake yi wa ƙashi da ɓawon itace a lulluɓe da jan ƙyalle, ta matar aure ce, ba a sa wa budurwa. Don samfuri, ki duba hotunan gidan tarihin Voronin da ke Saransk, babban birnin Mordobiya, da na gidan tarihin ƙasar Finlan a Helsinki, ki kwafi riga guda ta yanki guda daga sama har ƙasa.